Ragar da Sanyi Ya Bari a Gonar Thyge

A yammacin Jutland, tsakanin Herning da Skjern, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai kuma iska ba ta hutu, a nan aka haifi Dagny Bundgaard. Ita kaɗai ce ga iyayenta. Uwarta ta rasu tana 'yar shekara tara, sai ya rage daga ita sai ubanta Thyge, da 'yan shanu, da wata gonar sha'ir a kan ɗan tudu mai yashi da tsakuwa, wadda Thyge ya sare da hannunsa daga dajin da ba a taɓa nomawa ba.

Gonar nan tana da wani hali da babu wata mai irinsa a duk ƙauyen. Shekarar da ruwa ya wadata, lafiya lau, sha'ir ya tashi bai ɗaya kamar na kowa. Amma da zarar sama ta ɗauke na 'yan makonni a tsakiyar bazara, sai zane ya fito. Layuka kore shar su ratsa gonar, su haɗu, su rabu, su kewaye fili-fili na shukar da ta yi rawaya ta kwanta, har gonar ta koma kamar bayan kunkuru. Daga kan hanya ana hango ta, kuma hanyar nan ita ce ta zuwa coci.

Mutanen wajen masu riƙon addini ne, ba sa wasa da zancen barasa. Maƙwabcinsu Laurids, wanda gonarsa take gangare kusa da rafi inda damshi ba ya yankewa, shi ya fara sakin maganar, kuma da wasa ya sake ta. Wata Lahadi a ƙofar coci ya ce, "Thyge, wai taki kake watsawa ko rawa kake yi da amalanke? Na ga sawunka ya kewaya ya dawo, ya sake kewayawa. Me ke cikin kwalbar nan da kake tafiya gona da ita?"

Aka yi dariya. Kofi ne a kwalbar, kowa ya sani, har shi Laurids ɗin. Amma Thyge bai daɗe da binne matarsa ba, ya rame, ya rage shiga mutane, sai maganar ta sami wurin zama. Da aka zo sake zaɓen masu kula da ƙungiyar manoma masu sayar da madara, inda ya daɗe yana ciki, ba wanda ya ce masa komai, sunansa ne kawai ba a ambata ba. Yara suka laƙaba masa Thyge Mai Zane. Dagny ta fasa wa wata yarinya leɓe a makaranta saboda sunan nan, aka tsare ta bayan an tashi. Ta dawo gida ba ta faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

Ba tsegumin ne ya fi cin ranta ba, ganin ubanta ya ɗora wa kansa laifin ne. Ya san bai sha komai ba, amma ya ɗauka akwai abin da hannunsa bai iya ba. Ya yi huɗa a tsaye, ya yi ta a kwance. Ya kafa turaku ya ja igiya don takin ya zuba daidai, Dagny tana riƙe da ɗaya bakin igiyar, yatsunta suna ƙagewa don sanyi. Duk da haka in fari ya zo, zanen ya fito daidai inda ya fito wancan karon, ko kamu ɗaya bai gusa ba. Sai ya tsaya a bakin gona, hannuwa cikin aljihu, ya ce, "Ban san abin da nake yi ba daidai ba, Dagny."

Tana cika shekara goma sha bakwai ta tafi Herning, ta kama aiki a masaƙar rigunan sanyi. Ta sami ɗaki nata da keke da ƙawaye, ta kuma yi wa kanta alkawari ba za ta sake taɓa ƙasa da sunan noma ba.

A farkon bazarar shekarar 1976 aka kira ta a waya, aka ce an tsinci ubanta a faɗe a garken shanu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ta ɗauki hutu ta zo da niyyar wata ɗaya. Ta tarar bakinsa ya karkace, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Ta kuma tarar Ejgil, ɗan Laurids, wani dogon mutum marar yawan magana, ya riga ya shuka musu gonar tudun da injinsa ba tare da wani ya roƙe shi ba.

A shekarar kuwa fari ya zo irin wanda tsofaffi suka ce ba su tuna da kamarsa ba. Ciyawa ta ƙone, rafi ya koma zare, kuma zanen ya fito a gonar fiye da kowane lokaci. Dagny ta haɗu da Laurids a bakin shinge, ya tsufa, yana dogara sanda. Ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba Laurids, bana fa ɗanka ne ya yi shukar. Shi ma yana tafiya da kwalba ne?"

Laurids ya dubi gonar, ya dube ta, ya ce, "Bakinki na uwarki ne, 'yar nan." Ya juya ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki wata ƙaramar mota ta tsaya a tsakar gidan, wata mata ta fito, gajera, sanye da wandon maza da takalmi mai nauyi, ta girmi Dagny da fiye da shekara goma. Ta ce sunanta Gunvor Skaarup, daga jami'a take, aikinta binciken ƙasa da duwatsu. Ta zaro wani hoto ta miƙa. Gonar ce, an ɗauke ta daga ƙaramin jirgin sama, ragar ta fito tsaf har da rufin gidansu a gefe.

Ran Dagny ya ɓaci. Ta ce, "Bai isa a gan ta daga hanya ba, sai an hau sama an ɗauko? In dariya kuka zo yi, an riga ku."

Gunvor ta ce, "Dariya kuma? Wata biyu nake shawagi a kan lardin nan ina neman wannan. Ban ga mai kyanta ba. Abin da na zo roƙo, ku ba ni izini in haƙa rami ɗaya a kan ɗaya daga koren layukan nan. Zan mayar da ƙasar yadda na same ta."

"Me za ku gani a ciki?"

"In na yi daidai, ku ma za ku gani. Ba ya ɓuya."

Dagny ta ce sha'ir ɗin dai ya riga ya mutu, su haƙa. Ejgil ya kawo taraktarsa mai cokalin haƙa ya buɗe ramin, ya yanke layin a gicciye, zurfinsa ya wuce tsayin mutum. Gunvor ta sauka da shebur da cokalin magina, ta wuni tana kankare bangon ramin har ya yi sumul. Da yamma ta ɗago kai ta ce, "Ku zo ku duba."

Dagny ta leƙa. Bangon duk tsakuwa ce da yashi mai kaushi, a jere hawa-hawa. Amma a tsakiyarsa, daidai ƙarƙashin koren layin, akwai wani abu mai siffar katon karas, faɗi a sama, yana tsukewa har ya yi tsini a can ƙasa. Cikinsa rairayi ne mai laushi, launinsa daban. Gunvor ta ɗebo ta zuba mata a tafin hannu. Da sanyi, da damshi, a cikin wannan farin.

Dagny ta tsaya da rairayin a hannu. Sai ta ce, "Kada ku ce komai tukuna. Akwai wanda ya kamata ya ji."

Keken guragu ba ya tafiya cikin yashi. Ta shimfiɗa barguna a baro, ita da Ejgil suka ɗora Thyge, suka turo shi har bakin ramin. Laurids, wanda tun rana yake tsaye a shinge yana yi kamar duba wayar shingen yake yi, ya biyo su a baya.

Gunvor ta gaishe da tsohon, ta yi bayani tana nunawa da cokalin. Ta ce a zamanin ƙanƙara na ƙarshe, tulin ƙanƙarar da ya danne gabashin ƙasar bai iso nan ba, ya tsaya can gaba kaɗan. Nan fili ne tsirara, ba itace, sai iska, kuma ƙasar ta daskare har can ciki, bazara ma sama-sama kawai take narkewa. In sanyi ya yi tsanani sai ƙasar ta tsuke ta dare, kamar yadda taɓo yake darewa in ya bushe, amma tsagogin manya ne, suna haɗuwa su yi raga. Ruwa ya shiga tsagar ya daskare, shekara mai zuwa ta sake darewa a wuri ɗaya, ƙanƙarar ta yi ta kauri. Da duniya ta yi ɗumi ƙanƙarar ta narke, rairayin da iska take kwasowa ya cike gurbinta. Shi wannan rairayin yana riƙe ruwa, tsakuwar da ke kewaye da shi kuwa ba ta riƙewa. Shi ya sa in an yi fari, shukar da ke kansa take rayuwa, ta gefe ta mutu.

Thyge yana kallon bangon ramin. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙirjinsa. Da ƙyar ya ce, "Ba... ni ba?"

Gunvor ba ta gane ba, ta dubi Dagny. Dagny ta ce, "Yana tambaya ko nomansa ne ya jawo. An daɗe ana cewa shi ne bai iya watsa taki ba." Ba ta dubi Laurids ba da ta faɗa.

Gunvor ta ajiye cokalin. Ta ce, "Baba, wannan abu ya fi shekara dubu goma sha biyar a nan. Ya riga garma, ya riga coci, ya riga kowane manomi a ƙasar nan. Ko mala'ika ne ya noma gonar nan, haka za ta yi masa."

Thyge ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi, Dagny ta goge masa da bakin bargo.

Laurids ya cire hularsa, ya juya ta a hannu, ya mayar. Ya ce, "To, Thyge, ashe sanyi ne mashayin." Thyge ya yi wani sauti, suka ɗauka tari ne, ashe dariya ce. Da aka tashi komawa Laurids ya miƙa wa ɗansa sandar, ya kama hannun baron da kansa. Ejgil ya ce, "Baba, bayanka." Ya ce, "Bayana ne ko naka?" Ya tura shi har ƙofar gida, yana tsayawa yana haki, bai yarda kowa ya karɓa ba.

Ranar Lahadi a ƙofar coci Laurids ne ya ba da labarin, da babbar murya, har da kwatanta karas ɗin da hannu, kamar shi ya gano shi. Ya ƙare da cewa duk wanda ya sake kiran wancan sunan, da shi zai yi. Mutane suka riƙa zuwa ganin ramin, kuma wanda ya zo sai ya shiga ya gaishe da Thyge. Dagny ta yi ta dafa kofi har ta gaji. Ɗan abin da suka girba a shekarar, kusan duk daga koren layukan ya fito, ƙwayarsa cike, shi suka ajiye iri.

Thyge ya ƙara shekara biyu a duniya. Dagny ta kan ce a cikinsu ne ta san ubanta mutum ne mai son dariya.

Ba ta koma masaƙa ba. Wata ɗayan ya zama shekara, shekara ta zama aure, domin Ejgil ya ci gaba da zuwa gyaran abubuwan da ba su lalace ba, har ta ce masa in yana da magana ya faɗa, man tarakta yana tsada. Suka haɗe gonakin biyu, suka haifi 'ya mace. Laurids ya rayu har ya ga jikarsa tana tafiya, kuma har ya mutu surukarsa ba ta daina tsokanarsa ba, shi ma bai daina ramawa ba.

Gunvor ta mayar da ƙasar ramin kamar yadda ta yi alkawari, amma kowace bazara sai ta dawo da ɗalibanta su buɗe wani. Su kafa tanti a bayan rumbu, Dagny ta ciyar da su dankali da baƙin burodi da man shanu. A shekara ta uku Gunvor ta ce, "Wai har yaushe za ki riƙa ce mini ku? Ni ɗaya ce, kuma na ci burodinki ya fi a ƙirga." Daga ranar suka koma ke da ke. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Gunvor ba ta yi aure ba, ba ta zuwa coci, tana shan taba kamar bututun jirgin ƙasa, ga ta da gardama. Dagny ta kan ce mata, "Kin san abin da ya faru shekara dubu ashirin da suka wuce, amma ba ki san inda kika ajiye makullin motarki ba."

Gab da Gunvor za ta bar aiki, ta kira Dagny a waya ta ce za su tafi Greenland, ƙasar ƙanƙara can arewa mai nisa, da ɗalibai, mai dafa musu abinci ya karya ƙafa, ko za ta zo. Dagny ta kusa hamsin, ba ta taɓa shiga jirgin sama ba. Ta ce, "Shanu fa?" Ejgil, wanda yake jin su daga wajen tebur, ya ce, "Shanu sun san ni. Tafi."

A can, bayan ta sallami kowa da karin kumallo wata safiya, Gunvor ta ce ta bar tukwanen ta biyo ta. Suka hau wani tudu suna kore sauro. Da suka kai sama Dagny ta duba kwarin da ke gabansu. Ragar ce, iyakar ganinta, amma ba shuka ce ta zana ta ba. Kwaroro-kwaroro ne a jikin ƙasar kanta, wasu da ruwa kwance a ciki yana ƙyalli. Ba gida, ba shinge, ba itace ko ɗaya.

Gunvor ta ce, "Ga gonarku kafin ta zama gona."

Suka sauka. Gunvor ta kafa shebur a ɗaya daga kwaroron, ta yaye gansakuka da baƙar ƙasa. Ba ta kai zurfin kamu ba shebur ɗin ya yi ƙara kamar ya bugi ƙarfe. Ta share da hannu. Ƙanƙara ce, mai duhu, da ƙananan kumfa a jere a cikinta. Dagny ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kai, ta bar shi har ya fara zafi. Ta yi addu'a a zuciyarta, gajera, ta godiya, ta sa sunan matar da ke tsaye a kanta tana neman ashana a aljihu.

Da ta tashi ta ce, "Gunvor, ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba."

Gunvor ta ce, "Rami na haƙa, aikina ne, har albashi ake ba ni. Ke kika je kika ɗauko shi a baro. Ni da bayani zan yi miki in shiga mota in tafi." Ta kunna tabarta. "Mu koma, yaran nan za su cinye sukarin."

Bayan shekaru, idon Gunvor ya fara mutuwa. Tana zaune ita kaɗai a wani bene a birni, ba ɗa ba jika. Dagny ta je duba ta, ta tarar ta ƙona hannu a murhu, ga madara ta lalace a firji ba ta sani ba. Ba ta yi shawara da ita ba, ta fara zuba kayanta a akwati. Gunvor ta ce ba inda za ta, ita ba kayan sadaka ba ce. Dagny ta ce, "Wa ya ce sadaka? Ejgil ba ya magana, 'yata ta karɓi gona ba ta da lokacina. Ina neman wanda zan yi faɗa da shi." Littattafai da duwatsun Gunvor sai da aka yi sawu biyu da motar ɗaukar shanu.

Suka ba ta ɗakin da ke kallon kudu, inda rana take shiga. Ta zauna da su shekara shida. Da safe Dagny ta karanta mata jarida, Gunvor ta ƙaryata rabin abin da ke ciki. Ɗalibanta na da, waɗanda yanzu wasunsu sun yi furfura, su kan zo da nasu ɗaliban, a zaunar da ita a kujera a bakin rami, a ɗebo mata ƙasa a tafin hannu, ta murza ta faɗa musu daga wane ɓangaren bangon aka ɗebo. Wani lokaci ta kan yi kuskure, kuma ba wanda ya isa ya gaya mata sai Dagny.

Da ta rasu, 'yan'uwanta na nesa suka ce a kai ta birni. Dagny ta ce sun yi magana da marigayiyar, a ƙauyen take so. Limamin cocin ya ɗan yi jim, domin ya san matar ba ta taɓa taka ƙofarsa ba sai ranar jana'izar wani, amma Dagny ta zauna a ofishinsa da jakarta a cinya har ya amince.

Yanzu Dagny ta haura saba'in da biyar. Ejgil yana nan, kunnensa ya yi nauyi, abin da ta ce bai canza komai ba tunda dama ba amsawa yake yi ba. Ta bar wa 'yarta da mijinta babban gidan, su biyu suka koma ƙaramin da ke bakin hanya. Ranar Laraba ta kan je gidan tsofaffi ta karanta wa waɗanda idonsu ya gaza jarida, ta ce ta saba, kuma a can ma ta sami wani tsohon direban jirgin ƙasa mai gardama. Duwatsun Gunvor suna cikin akwatuna a rumbu, jami'a ta ce za ta aiko a ɗauka, har yau ba a zo ba, ita kuma ba ta tuna musu ba.